Yadda Ƙaramin Kamfani a Zamfara Zai Nemi Tallafin Gwamnati Don Binciken Magani da Kayan Asibiti

Akwai kuɗin da gwamnatoci ke warewa domin ƙananan kamfanoni su yi binciken sabon magani, ko sabuwar na'urar gwaji, ko wata dabarar kula da marasa lafiya. Kuɗin nan tallafi ne. Ba bashi ba ne da za a biya da ruwa, kuma gwamnati ba ta karɓar hannun jari a kamfanin. Dalilin ware shi a fili yake: babu bankin da zai ba ka rance a kan abin da kai kanka ba ka tabbatar zai yi aiki ba, kuma manyan kamfanonin magani ba sa waiwayar cutar da masu fama da ita talakawa ne. To amma masu riƙe da irin wannan asusu abu ɗaya suke saye, wato tambayar da za a iya gwadawa a samu amsa, eh ko a'a. Wanda ya je musu da cewa yana da maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwalba ɗaya, ko shafi na biyu ba za su buɗe ba.

Wannan jagora na mai ƙaramin kamfani ne a Gusau, ko Talatar Mafara, ko Ƙauran Namoda: mai harhaɗa magunguna, ko masanin gwajin jini, ko injiniyan da ya iya haɗa na'ura, ko magajin gidan magani da ke son a gwada abin da ya gada a kimiyyance.

Tsarin da ake kwaikwayo

Ya kamata ka fara sanin tsarin Amurka, domin yawancin masu ba da tallafi a duniya da shi suke auna aiki. A 1982 majalisar dokokin ƙasar ta kafa shirin SBIR, wanda ya wajabta wa duk hukumar gwamnati da ke kashe fiye da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da take bayarwa a waje ta ware wani kaso ga ƙananan kamfanoni. Kason ya kai kashi 3.2 cikin 100. A 1992 aka ƙara ƙaninsa, STTR, mai kashi 0.45, wanda sharaɗinsa shi ne kamfani ya haɗa hannu da jami'a ko cibiyar bincike: kamfani ya yi aƙalla kashi 40 na aikin, cibiyar ta yi aƙalla kashi 30. Cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar, NIH, na raba fiye da dala biliyan 1 a shekara ta waɗannan ƙofofi biyu.

Ana bayarwa ne hawa-hawa. Hawa na farko kusan dala dubu 300 ne, na wata shida zuwa shekara, domin a ga ko tunanin zai yiwu. Wanda ya tsallake sai ya nemi hawa na biyu, kusan dala miliyan 2 na shekara biyu, ya ƙera abin sosai. Hawa na uku shi ne shiga kasuwa, kuma a nan shirin ba ya ba da ko kwabo. Kamfanin Sanaria da Stephen Hoffman ya kafa a 2003 a jihar Maryland, mai aikin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin cutar da ake cirowa daga jikin sauro, da irin wannan tallafi ya tashi, kuma an gwada rigakafin nasa a Mali da Tanzaniya. Sun haura shekara 20 a kan aiki ɗaya. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka yi wa iyalinka alkawarin riba baɗi.

Kamfaninka na Gusau ba zai iya neman SBIR ba. Sharaɗi ne kamfanin ya kasance a Amurka, fiye da rabinsa mallakar 'yan ƙasar ko masu izinin zama na dindindin, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, kuma a yi aikin a can. Duk wanda ya ce maka zai cika maka fom ɗin SBIR idan ka tura masa kuɗi, ɗan damfara ne. Abin da za ka ɗauka daga tsarin shi ne hawa-hawan nan, domin da shi za ka gina taka takarda ko wa za ka kai wa.

Mataki na 1: Tsayar da tambaya ɗaya

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka nan zan fi daɗewa.

Abin da kake da shi wanda kamfanin Legas ko na Landan ba shi da shi, shi ne kusanci da matsalar. Zamfara ta ga abin da duniya ba ta saba gani ba. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana daka su a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi. Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, daga baya Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024, ke nan ƙurar ba ta gama da mu ba. Ga sanƙarau nau'in C da ya ɓarke daga Zamfara a ƙarshen 2016 ya bazu zuwa maƙwabta. Ga Kebbi a gefenmu, wadda binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa da ita da Bayelsa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin, mai suna R21, a Disambar 2024. Ga sikila a kusan kowace zuri'a.

Matsala dai ba ta yi mana ƙaranci ba. Aikin shi ne a fere ta har ta zama tambaya.

Mu ɗauki misali, mu bi shi har ƙarshe. A ce mutum uku sun kafa kamfani a Gusau: masanin gwajin jini, mai harhaɗa magunguna, da injiniya. Sun san cewa na'urar hannu da aka yi amfani da ita lokacin annobar dalma, LeadCare II, tana karanta dalma daga maikirogiram 3.3 zuwa 65 a kowace desilita ta jini, alhali yara da yawa a wancan lokaci sun zarce 65 nesa ba kusa ba. Sun san a kan 45 ake fara tunanin ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jiki, irin su DMSA. Sun kuma san ɗaukar jinin jijiya a kwalba daga ƙauye zuwa babban ɗakin gwaji abu ne mai wuya a hanyoyinmu. Sai suka yi tunanin a ɗiga jinin yatsa a kan takarda mai tsotsa, ya bushe, a aika da shi. Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma an san aibinta: a garin da ƙurar dalma ke kan tabarma da bango da tafin hannun yaro, ƙura kaɗan ta sauka a kan takardar ta isa ta ba da sakamakon ƙarya.

Idan suka rubuta "muna so mu kawo ƙarshen gubar dalma a Zamfara," sun rubuta buri. Idan suka rubuta "mun ƙera rufaffen akwatin ɗaukar jinin yatsa da ke hana ƙura taɓa takardar, muna so mu gwada ko sakamakonsa zai yi daidai da na jinin jijiya a yaran da ke zaune inda ake sarrafa zinare," sun rubuta tambaya. Tana da abin da za a auna, da abin da za a kwatanta da shi, kuma tana iya fitowa da a'a. Mai tantancewa ya fi amincewa da takardar da ta faɗi a fili abin da zai sa a ce aikin ya faɗi.

Kafin ka kafe a kan tambayarka, ka zauna a PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, da Google Patents, rumbun ƙirƙire-ƙirƙiren da aka yi wa rajista, dukansu kyauta ne, ka ga wa ya riga ka. Sau da yawa za ka tarar an yi. Wannan ba dalilin karaya ba ne: ka karanta inda suka tsaya da dalilin tsayawarsu, daga nan taka takardar za ta fara.

Mataki na 2: Kamfani ya zama kamfani a takarda

Ka yi rajista da hukumar CAC a matsayin kamfani mai iyakantaccen alhaki, kada ka tsaya a rajistar sunan kasuwanci kawai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Ka samu lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, ka riƙa shigar da bayanan shekara-shekara, ka sa akanta mai lasisi ya duba littattafanka ko da cinikin bai taka kara ya karya ba. Ka yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Idan abokan aiki ne ku, ku rubuta wa ke da kaso nawa tun aljihu na wofi.

Mataki na 3: Abokin aiki daga jami'a ko asibiti

A Najeriya mafi yawan kuɗin bincike na gwamnati ta hannun manyan makarantu da cibiyoyi yake bi, don haka kamfanin da ba shi da abokin aiki a can ya rufe wa kansa babbar ƙofa. Kusa da kai akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A Sakkwato akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta da cibiyarta ta binciken lafiya, CAMRET. A Kebbi akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. A Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello. Na ƙasa baki ɗaya kuma su ne NIPRD a Abuja mai binciken magunguna, NIMR a Yaba ta Legas, da NNMDA mai kula da bunƙasa maganin gargajiya.

Kada ka nemi wanda ya fi kowa girman muƙami. Ka nemi wanda sunansa ke kan takardun bincike na kwanan nan a fannin da kake so, ko da matashin malami ne. Ka je masa da shafi ɗaya. Bayan gaisuwa, maimakon "Ranka ya daɗe, a taimaka mana," ka ce: "Farfesa, ga abin da muka ƙera, ga abin da ba mu iya aunawa ba, ga kuma mutanen da muke iya kaiwa gare su waɗanda ɗalibanku ba sa iya kaiwa." Mai yiwuwa ya ce maka, "To Malam, wa zai mallaki sakamakon?" Idan ya yi wannan tambaya, ka samu mutumin kirki, ku zauna ku rubuta amsar. Yarjejeniyar ta faɗi wa ke da haƙƙin ƙirƙirar, wa ke da izinin bugawa a mujalla da yaushe, da yadda za a raba abin da aka samu idan kaya ya shiga kasuwa. Kuma hukumar jami'ar ce za ta sa hannu, domin malami na iya sauya wurin aiki.

Ga masu maganin gargajiya akwai darasi a labarin Niprisan, maganin sikila da NIPRD ta fitar ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe. Asalinsa haɗin wani mai magani ne daga Oyo, Rabaran Ogunyale, kuma cikin tsirrai huɗun da ke cikinsa uku suna madafin kowace Bahaushiya: masoro, kanumfari da karan dafi. Cibiyar ta yi yarjejeniyar raba amfani da mai maganin, ta yi gwaje-gwaje, a 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi, a 2006 aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Kimiyyar ta tsaya da ƙafarta, harkar kasuwancin ce ta gurgunce, masu sikila kuma suka yi shekaru suna jira.

Mataki na 4: Kare ƙirƙirarka kafin ka buɗe baki

Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 na ba da kariya ta shekara 20, kuma sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, ba a bayyana shi ga jama'a ba. Bidiyon da ka ɗora a Facebook kana nuna cikin na'urarka, ko hirar da ka yi a gidan rediyo kana zayyana haɗin, na iya lalata wannan sharaɗi. Ka shigar da takarda tukuna. Hukumar NOTAP na taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen tsarawa da shigar da ita. Sai dai ka sani ofishin rajistar namu cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne da gaske, don haka samun satifiket a Abuja ba hujja ba ce cewa zai tsaya a kotu ko a wata ƙasa.

Mataki na 5: Izinin ɗa'ar bincike da amincewar mutane

Ba a taɓa jinin mutum, ko bayanan asibitinsa, ko a ba shi wani abu ya sha da sunan gwaji, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista da kwamitin ƙasa, NHREC. Manyan asibitoci da ma'aikatun lafiya na jihohi na da irin waɗannan kwamitoci. Idan gwajin magani ne a jikin mutane, sai an haɗa da izinin NAFDAC, a kuma yi wa gwajin rajista a bainar jama'a, kamar a rumbun PACTR na Afirka, kafin a ɗauki mutum na farko. Idan samfurin jini zai fita daga ƙasar, akwai yarjejeniyar miƙa samfur da ake rubutawa. Bayanan mutane kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kansu.

Mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan dalili. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da shari'ar da ta biyo baya har zuwa sulhun 2009, sun bar tabon da ya shafi har allurar shan inna. Duk mai shiga ƙauye da sirinji a yau yana shiga ne da wannan tarihi a bayansa, ko ya sani ko bai sani ba.

A aikace ga yadda abin yake. Ka fara da hakimi da mai gari da liman, amma izininsu na shiga gari ne kawai, ba ya maye gurbin amincewar uba da uwa. A misalinmu na dalma, yaran da ake nema suna cikin gida tare da iyayensu mata, ke nan tawagar da ba ta da mace ma'aikaciyar jinya a zaure za ta ƙare. Takardar amincewa a rubuta ta da Hausar da ake ji, da boko da ajami in da hali, a karanta da baki, wanda ba ya rubutu ya dangwala a gaban shaidan da ba ma'aikacinka ba. A faɗa ƙarara cewa wanda ya ƙi ba zai rasa komai ba a asibiti. Sannan tambayar da kwamiti zai yi maka, kuma uwar yaro za ta yi maka: idan kuka tarar jinin ɗana ya haura 45, sai me? Dole takardarka ta nuna asibitin da za a tura shi, da wanda zai biya kuɗin mota. A ganina binciken da ya gano yaro na cikin haɗari ya rubuta lamba ya tafi, bai cancanci ko sisi ba.

Mataki na 6: Wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa

A gida, mafi ɗorewa shi ne Asusun Bincike na Ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Malamin babbar makarantar gwamnati ne ke jagorantar nema, ana farawa da gajeriyar takardar gabatar da tunani, wanda ya tsallake ya rubuta cikakkiya, sannan ya kare ta gaban masana. Kamfani na shiga ne a matsayin abokin aiki daga ɓangaren masana'antu, kuma kasancewarsa na ƙara wa takardar nauyi, domin ƙorafin da aka daɗe ana yi shi ne binciken jami'o'inmu a kan kanta yake ƙarewa.

Abin da ya fi kama da SBIR da aka taɓa yi a nan shi ne shirin HSRDIS na Babban Bankin Najeriya, wanda aka buɗe a 2020 lokacin korona, da iyakar naira miliyan 50 don bincike da miliyan 500 don ƙerawa da sarrafawa, kuma kamfanoni na cikin masu iya nema. Tun ƙarshen 2023 bankin ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye, don haka kada ka gina lissafinka a kansa. Dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 na ba da shaida ta musamman ga kamfanin da bai kai shekara 10 ba, amma ta fi fuskantar fasahar kwamfuta da intanet: mai manhajar bibiyar masu sikila zai shiga, mai sarrafa ganye da wuya. Akwai kuma shirin shugaban ƙasa na PVAC da aka kafa a 2023 don bunƙasa ƙera magunguna da kayan asibiti a gida, da umarnin 2024 da ya ɗage harajin shigo da wasu injuna da kayan haɗa magani. Wannan rangwame ne, zai amfane ka lokacin ƙerawa idan har yana aiki a lokacin.

A waje, Grand Challenges Canada, wadda gwamnatin Kanada ke ɗaukar nauyi, ta sha karɓar takardu kai tsaye daga kamfanonin ƙasashe masu tasowa, kuma ita ma hawa-hawa take bayarwa. EDCTP, haɗin gwiwar Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka tun 2003, na biyan gwaje-gwajen cututtuka masu yaɗuwa, amma ayarin cibiyoyin da suka haɗa kai take ba wa, ƙaramin kamfani sai dai ya shiga cikin ayarin. Wasu kiraye-kirayen NIH na karɓar cibiyoyin ƙasashen waje, sai dai ƙa'idojinsu na sauyawa, ka karanta sashen cancanta na kowane kira kafin komai. Masu neman kuɗin gwamnatin Amurka na yin rajista a shafukan intanet na SAM.gov da Grants.gov da eRA Commons. Kyauta ne, amma yana cin makonni, wanda ya fara saura kwana goma a rufe ya makara.

Mataki na 7: Rubuta takardar

Mai tantancewa mutum ne mai tarin takardu a gabansa da ƙarancin lokaci. Shafin farko ne ke yanke hukunci. A cikinsa ka faɗi matsalar, da giɓin da ke cikin abin da ake amfani da shi yanzu, da abin da ka ƙera, da manufofi biyu ko uku, kowace da ma'auninta. A misalinmu manufa ta farko na iya zama gwada akwatin a ɗakin gwaji, a busa masa ƙurar da aka san yawan dalmarta a ga ko ta shiga. Ta biyu a bar busasshen jinin a zafin Afrilu na Gusau na tsawon makonni a ga ko sakamako ya sauya. Ta uku a kwatanta da jinin jijiya a yara. Ka lura biyun farko ba sa buƙatar taɓa yaro ko ɗaya, kuma idan suka faɗi an tsira daga wahalar da mutane a banza. Yawan yaran da za a ɗauka kuwa masanin ƙididdiga ne zai lissafa, kada ka zaɓi ɗari don ta yi daɗin faɗi.

Ka sa ɗan sakamakon farko da ka samu da kuɗin aljihunka, ko da tebur ɗaya ne. Ka sa wasiƙun goyon baya daga asibiti da ma'aikatar lafiya. Ka amsa tambayar da ta bambanta kamfani da jami'a: wa zai saya, a nawa, da kuɗin wa? Uwar da ke Bagega ba za ta sayi akwatin gwajin dalma ba. Mai saye ma'aikatar lafiya ce, ko ƙungiyar agaji, ko kamfanin haƙar ma'adinai da doka ta ɗora wa duba lafiyar ma'aikatansa. Ka je ka tambaye su tun yanzu, ka rubuta abin da suka ce.

Kasafi kuma a yi shi da idon wanda ya san Zamfara. Wuta: firij ɗin ajiye samfur na buƙatar sola da batir, ka sa kuɗinsu. Canji: dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, duk wanda ya ƙiyasta sinadaran waje da tsohon farashi ya ga ta kansa, don haka ka karɓi farashi a rubuce daga dillalai ka kuma tambaya ko an yarda a ware kason ko-ta-kwana. Tsaro: kada ka ɓoye shi. Mai tantancewa na karanta labarai. Ka rubuta ƙauyukan da za a iya shiga, da madadinsu idan hanya ta rufe, da tsarin horar da ma'aikatan lafiya mazauna wurin su ɗauki samfur a kawo cikin gari. Takardar da ta nuna ta san hanyar Anka ta fi wadda ta yi kamar babu komai.

Ka bi ƙa'idar shafuka da girman harafi kamar yadda aka gindaya, ana watsar da takarda kan wannan kaɗai. Ka ba wanda ba fanninsa ba ne ya karanta, ka tura saura kwana biyu ko uku saboda halin intanet ɗinmu.

Mataki na 8: Bayan amsa ta zo

Yawancin takardu ba sa samun kuɗi a karon farko. Idan an turo da sharhin masu tantancewa, ka ajiye shi kwana biyu zuciya ta huce, sannan ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. NIH ma ta yarda a gyara a sake turawa sau ɗaya, tare da shafin da ke bayyana abin da aka sauya.

Idan kuwa an dace, kuɗin amana ne, kashi-kashi ake sakinsa, kowane kashi sai an ga rahoton na baya. Ka buɗe masa asusu daban. Kowace naira da rasit ɗinta, kowane ma'aikaci da takardar awannin da ya yi. Za a zo maka da buƙatun biki da suna da asibiti, domin labari zai bazu cewa kamfaninku ya samu miliyoyi, ka shirya amsarka tun wuri. Sauya kuɗi daga wani layin kasafi zuwa wani sai da izini a rubuce. Littafin ɗakin gwaji a rubuta shi da biro, da kwanan wata, ba a yage shafi, kuma sakamakon da bai yi daɗi ba a kai shi rahoto yadda yake.

Tun kana hawa na farko ka fara magana da NAFDAC kan rukunin da kayanka zai faɗa, domin hujjojin da za su nema su ne ya kamata hawa na biyu ya tara. Ga maganin tsirrai matakai biyu ne. Akwai shigarwar wucin gadi ta shekara biyu, wadda ake bayarwa bayan gwajin da ya nuna maganin ba ya cutarwa, lambarta na ƙarewa da harafin L, kuma dole kwalbar ta ɗauki sanarwar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwa ba. Cikakkiyar rajista ta shekara biyar sai bayan gwaji a jikin mutane ya nuna yana aiki. Masu talla a tasha da kasuwa kan ɗaga lambar farko kamar ita ce ta biyu. Idan kana neman tallafin hawa na biyu, ka rubuta a fili wacce kake da ita, ka kuma sa kuɗin gwajin da zai kai ka ga ɗayar a cikin kasafin.